Asalin Kalmar Ponzu: Daga Kwanon Giyar Fatake Zuwa Teburin Japanawa

A ƙasar Japan akwai wani mahaɗin abinci mai ruwa-ruwa da ake kira *ponzu*, wanda da wuya a buɗe firjin wani gida a Osaka ko Tokyo ba a tarar da kwalbarsa ba. Ruwan lemu mai tsami ne ginshiƙinsa. A kansa ake zuba *shoyu*, wato baƙin ruwan ɗanɗanon nan da ake samu bayan an tsima waken suya da alkama cikin ruwan gishiri na tsawon watanni. Daga nan sai a jiƙa busasshen ganyen teku da busasshen kifin da aka fere siri-siri a ciki, har ƙamshinsu ya kama ruwan, sannan a tace. Galibi a ɗan ƙaramin kwano ake ajiye shi gefen mai ci, shi kuma ya riƙa tsoma yankan nama ko kifi ko ganye kafin ya kai baki. Lemun da ake matsewa iri-iri ne: akwai *yuzu* wanda lardin Kochi ya fi ko'ina nomansa, akwai *sudachi* na Tokushima, da *kabosu* na Oita, da kuma *daidai* mai ɗaci-ɗaci. Duk cikinsu babu wanda ake ɓarewa a sha don zaƙi.

Abin da ya ja hankalin masana harshe ga wannan mahaɗi shi ne yadda ake rubuta sunansa. A jikin kwalba za a ga an rubuta ポン酢. Haruffa biyun farko, masu ba da sautin *pon*, na tsarin rubutun katakana ne, wanda Japanawa suka keɓe musamman domin kalmomin aro. Na ukun kuwa harafi ne irin na Sinanci, ana karanta shi *su*, ma'anarsa ruwan khal. Duk wanda ya dubi wannan rubutu zai ɗauka harɗaɗɗiyar kalma ce: khal na wani abu da ake kira *pon*. Sai dai idan aka tambaya mene ne *pon*, babu amsa. Akwai dai wani lemu mai suna *ponkan*, amma shi zaƙi gare shi, kuma sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka fara dasa shi a Japan, alhali kalmar da ake magana a kai tana cikin rubuce-rubucen Japanawa tun kusan shekara ɗari kafin nan. Gaskiyar lamarin ita ce kalmar guda ce, baƙuwa ce daga farkonta har ƙarshenta, kuma da can sunan giya ce.

Giyar jirgin ruwa

Mafarin labarin yana gaɓar tekun Indiya, a farkon ƙarni na 17, lokacin da kamfanonin fataucin Turai suka fara kafa sansanonin ciniki a can. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya an kafa shi a 1600, na Holan kuma, wanda aka fi sani da haruffan VOC, a 1602. Tafiya daga Turai zuwa Indiya ta kan ci wata shida ko fiye, ta zagayen kudancin Afirka, kuma giyar sha'ir da ta inabi da jiragen suka ɗauko ba sa jure zafin wannan hanya. Da matuƙa da akawu suka sauka, sai suka tarar da wata barasa mai ƙarfi da ake tacewa daga bammi ko shinkafa ko rake, ana ce mata *arak*. Sunan daga Larabci yake, *araƙ*, wato gumi, saboda yadda take ɗiga daga bakin tukunyar tacewa. Ƙarfinta da kaifinta sun yi yawa, don haka aka riƙa sirka ta da ruwa, a sa sukari, a matse lemun tsami, a barbaɗa kayan ƙamshi, a zuba a babban kwano kowa ya ɗiba. Wannan haɗi shi Ingilishi suka kira *punch*. Rubutu mafi tsufa da aka samu ɗauke da kalmar wata wasiƙa ce ta 1632, daga hannun wani ma'aikacin kamfanin Ingila a Indiya.

Daga ina Ingilishi suka samo sunan? Amsar da ta fi yaɗuwa ta fito ne daga wani likita mai suna John Fryer, wanda ya yi wa kamfanin aiki a Indiya da Farisa, ya kuma wallafa labarin tafiye-tafiyensa a 1698. Shi ne ya ce sunan daga kalmar "biyar" ta mutanen Indiya yake, domin abubuwa biyar ake haɗawa. Masu kallon finafinan Indiya sun san ƙirgen nan na *ek, do, tin, char, panch*. Ita dai wannan *panch* ɗin ce, kuma ƴar uwarta ta Farisanci, *panj*, ita ce a cikin sunan Punjab, ƙasar koguna biyar.

Bayanin yana da daɗin ji, shi ya sa ya shiga ƙamus-ƙamus ya zauna. Amma masana da yawa ba su gamsu ba, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko, tsofaffin bayanan yadda ake haɗa abin ba su tsaya a kan biyar ba: wani ya ambaci uku, wani huɗu, wani shida. Na biyu, wasali. A ƙarni na 17 Ingilishi da yawa suna furta kalmar da wasali mai kewayen leɓɓa, kusa da /u/, kuma haka sauran Turawa suka ji ta: Jamusawa suka ce *Punsch*, shi kuwa Bafaranshen likitan nan François Bernier, wanda ya zauna a daular Mughal, ya rubuta *bouleponge*, wato yadda kunnensa ya ɗauki "kwanon punch" daga bakin Ingilishi. Wannan wasali bai yi kama da dogon /a/ na kalmar Indiyanci ba. Saboda haka wasu ke ganin an gutsuro sunan ne daga *puncheon*, wata babbar gangar katako da ake zuba barasa a jirgi. Fryer ya wallafa rubutunsa ne shekara sittin da wani abu bayan kalmar ta bayyana, kuma ba abin mamaki ba ne idan labarin da ya ji a bakin abokan shansa ya maimaita. Ɗalibin harshe zai amfana idan ya riƙe wannan a zuciya, domin nan gaba kaɗan za a ga Japanawa sun yi wa kalmar irin abin da ake zargin Fryer ya yi mata, wato neman ma'ana sananniya a cikin sautin da ba a sani ba.

Ko ma daga ina ta fito, mutanen Holan daga bakin Ingilishi suka karɓe ta. Harshensu bai saba rufe kalma da sautin /c/ ba, sai suka mayar da shi /s/, kalmar ta zama *pons*. Su kuwa sun fi kowa samun kayan haɗin. A Bataviya, birnin da suka kafa a 1619 inda Jakarta take a yau, Sinawa mazauna garin suna tace *arak* daga rake da shinkafa, gonakin rake kuma sun kewaye birnin. Gyaɗar ƙamshi, wadda ake gogawa a saman kwanon, daga tsibiran Banda take, kuma mallakarta ta koma hannun kamfanin ne bayan yaƙin 1621, lokacin da gwamna Jan Pieterszoon Coen ya karkashe da yawa daga mutanen tsibiran, ya kori wasu, ya bautar da sauran. Ƙamshin wannan kwano da jini aka saye shi.

Tsibiri mai gada ɗaya

Yadda kalmar ta isa Japan yana buƙatar a ɗan koma baya. Turawan farko da suka taka ƙasar mutanen Fotugal ne, a 1543, kuma tare da hajarsu suka zo da masu wa'azin Kirista. Jirgin Holan na farko, mai suna Liefde, ya iso gaɓar Kyushu a 1600 da ragowar matuƙa marasa lafiya. A 1609 aka ba kamfanin Holan izinin buɗe gidan ciniki a Hirado. Ingilishi ma sun buɗe nasu a garin a 1613, amma ciniki bai karɓe su ba, suka rufe a 1623. Wannan ficewa tasu ita ce dalilin da ya sa kalmar Ingilishi ta shiga Japan da rigar Holanci.

Sarakunan yaƙi na gidan Tokugawa, masu laƙabin shogun, sun riƙa kallon yaɗuwar Kiristanci a matsayin barazana ga mulkinsu. Tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, wanda akasarin mayaƙansa manoma ne Kiristoci, ya tabbatar musu da tsoronsu. A wannan yaƙi shugaban gidan cinikin Holan ya aika jirgi ya yi luguden wuta a kan ganuwar Hara inda ƴan tawayen suka fake. A 1639 aka kori mutanen Fotugal baki ɗaya. Su mutanen Holan aka bar su, tun da sun nuna riba suka zo nema, amma a 1641 aka tashe su daga Hirado aka mayar da su Dejima, wani ɗan tsibiri da aka cike teku aka gina a mashigin Nagasaki, mai siffar mafici, wanda faɗinsa bai wuce filin ƙwallo biyu ba. Gada ɗaya ce tak ta haɗa shi da gari, da masu gadi a bakinta. Fiye da shekara 200 wannan gada ita kaɗai ce hanyar da ke tsakanin Japan da Turai. Ƙasar ba ta rufe ruf ba, domin Sinawa suna ciniki a Nagasaki, akwai kuma hulɗa da Koriya da masarautar Ryukyu da mutanen Ainu na arewa. Amma duk abin da ya fito daga Turai, littafi ne ko magani ko kalma, sai ya bi ta Dejima.

Mazauna tsibirin daga ɓangaren kamfanin ba su cika wuce mutum ashirin ba, ban da bayin da suka zo da su daga yankin Bataviya. Ba a yarda su zo da matansu ba, ba a yarda su yi ibada a fili ba, ba sa tsallake gadar sai da izini. Daga 1715 aka ƙayyade jiragensu zuwa biyu a shekara. Idan jiragen suka tashi a kaka, sai zaman jiran wata shekara, kuma ba wuya a gane matsayin kwanon *pons* a irin wannan zaman kaɗaici. Japanawan da ke shiga kuwa ƙidayayyu ne: jami'an gwamnati, da ƴan kasuwa masu lasisi, da masu dafa abinci, da matan unguwar Maruyama, sai kuma tafintoci. Aikin tafinta gadon gida ne a Nagasaki, uba ya koya wa ɗa, kuma gidaje irin su Yoshio da Motoki da Narabayashi sun shafe zuriya bayan zuriya suna yinsa. Ta bakin waɗannan mutane ne Holanci ya tsallaka gada.

Da farko ba a ɗauki harshen da wata daraja da ta wuce ta ciniki ba. Abin ya sauya bayan 1720, lokacin da shogun Yoshimune ya sassauta haramcin shigo da littattafan Turai waɗanda ba su shafi addini ba. Daga nan aka samu wani fannin ilimi da ake kira *rangaku*, wato karatun Holan. A 1774 Sugita Genpaku da Maeno Ryotaku da abokansu suka fitar da fassarar wani littafin ilimin sassan jikin ɗan Adam daga Holanci, bayan sun halarci fiɗar gawa sun ga zanen littafin ya fi na littattafan da suka gada dacewa da abin da ke gabansu. Sha'awar ta wuce littafi ta kai ga teburi. Ranar 1 ga Janairun 1795 malamin nan Otsuki Gentaku ya tara ɗalibansa a birnin Edo, Tokyo ta yanzu, suka yi bikin sabuwar shekara irin na mutanen Holan, da cokula da wuƙaƙe da kofunan gilashi.

A cikin wannan yanayi ne kalmar ta bayyana a rubuce. Wani littafi na 1799 mai suna *Narabayashi Zatsuwa*, wanda ya tattara hirarrakin da aka yi da wani tafinta ɗan gidan Narabayashi, ya ambaci wata giyar mutanen Holan da ake kira *ponsu*, ya kuma faɗi yadda ake haɗa ta: awo ɗaya na barasa, awo biyu na ruwa, sukari daidai buƙata, da gyaɗar ƙamshi domin ƙamshi. Abin lura a nan shi ne a wannan bayani barasa ce kan gaba. Wasalin /u/ da ya ƙaru a ƙarshe kuwa dokar gaɓar Japananci ce ta jawo shi, domin harshen ba ya rufe kalma da baƙi in ban da /n/. Hausa ma haka take yi wa baƙin kalmomi, shi ya sa ake da *burodi* da *bokiti* da *jandarma*.

Yadda barasa ta fice, lemu ya zauna

Daga 1799 zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ma'anar kalmar ta yi ƙaura. Babban ƙamus ɗin tarihin harshen Japananci ya nuna cewa a 1884 wata jaridar Tokyo da Yokohama ta yi amfani da *ponsu* a kan abin da ake yi da lemun *daidai*, wato matsattsen ruwansa. A shekarun da suka biyo baya har an riƙa sayar da *ponsu* a kwalba a matsayin magani. Dalilin wannan ƙaura ba ɓoyayye ba ne. Japanawa suna da giyarsu ta shinkafa da barasarsu ta gida, kowace da sunanta, ba su da buƙatar wani sabon suna a wannan fage. Sukari ma yana da nasa. Abin da ya bambanta haɗin baƙin da abin da aka saba shi ne tsamin lemun da ake matsawa a ciki, don haka sunan ya maƙale a kansa, sauran kayan haɗin suka zube ɗaya bayan ɗaya.

Irin wannan ƙuntatar ma'ana ta sami kalmomin Holanci da dama a Japan. *Mes* a Holanci kowace irin wuƙa ce, amma *mesu* a Japananci wuƙar likitan fiɗa ce kaɗai, saboda a hannun likitoci aka fara ganinta. *Ransel* jakar bayan soja ce, ta koma *randoseru*, jakar da yaran firamare ke goyawa. *Zondag*, ranar Lahadi, ta zama *dontaku*, ta ɗauki ma'anar ranar hutu, yau kuma an fi saninta a sunan bikin Hakata Dontaku da ake yi a Fukuoka ranakun 3 da 4 ga Mayu. Wasu kuwa sun tsira da ma'anarsu, kamar *biiru* da *koohii* da *garasu* da *gomu*, wato giyar sha'ir da kofi da gilashi da roba. A Hausa akwai misalin da ya yi tafiyar *ponsu* amma ta baibai. *Lemu* daga Larabci yake, *laimun*, sunan ɗan itace. Yau idan aka ce a kawo wa baƙo lemu, ana iya kawo masa kwalbar da babu ɗigon ruwan lemu a cikinta. A can sunan abin sha ya koma kan ɗan itace, a nan sunan ɗan itace ya koma kan abin sha.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi kowane muhimmanci, domin shi ya ba kalmar takardar zama ƴar ƙasa. Da *ponsu* ta zama sunan ruwa mai tsami da ake sa wa abinci, sai kunnen Japanawa ya ji gaɓar ƙarshe, *su*, a matsayin kalmarsu ta khal. Ba za a ce sun yi wauta ba. Tun da daɗewa masu girki a yammacin ƙasar suna amfani da ruwan lemu a madadin khal, suna kuma kiransa da wannan suna. Shi kansa *sudachi* ana fassara sunansa da lemun khal. Wasalin da aka liƙa domin gyara furuci kawai, wanda ba ya ɗauke da ma'anar komai, sai ga shi ya haɗu da /s/ na Holanci sun tashi kalma mai zaman kanta. Aka ɗauko harafin 酢 aka ɗora. Japanawa suna da suna ga wannan dabara, *ateji*, wato zaɓen harafin Sinanci saboda sautinsa, in an yi sa'a ma'anarsa ma ta dace. Haka suka yi wa kalmar kulob, suka rubuta ta da haruffa uku masu sautin *ku-ra-bu* waɗanda ma'anarsu ta ba da wurin jin daɗi tare.

Da aka yarda cewa kalmar biyu ce, sai wata dokar tsarin sauti ta hau kanta. A Japananci, idan kalmomi biyu suka harɗe, baƙin farko na ta biyun yakan sauya daga maras ziza zuwa mai ziza. Masana suna kiran wannan *rendaku*. Khal shi kaɗai *su* ne, amma na shinkafa *komezu*, baƙi *kurozu*, mai zaƙi *amazu*. Tun da an sa *ponsu* a layin waɗannan, dole ta yi shigarsu, sai ta zama *ponzu*. Wannan /z/ ita ce shaidar cewa masu harshen sun daina jin kalmar a matsayin baƙuwa, domin dokar ba ta cika taɓa kalmomin aro na Turai ba. Hausa ta fi sabawa da akasin wannan aiki, wato haɗe kalma biyu su zama ɗaya: *al* ta Larabci ta narke a cikin *albasa* da *alkama* da *alƙalami*, kamar yadda *l'* ta Faransanci ta narke a cikin *lakwal*. Japanawa kuwa guda suka tsaga biyu.

An ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙuwar ta kwana ta tashi har ta yi jikoki, kuma kuskuren fahimta ne ya zaunar da ita. Kalmomin Holanci da yawa da malaman *rangaku* suka sani sun mutu bayan 1853, lokacin da jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka tilasta wa Japan buɗe tashoshinta, Ingilishi da Jamusanci da Faransanci suka ture Holanci daga makarantu. Ita kanta kalmar asali ta sake shigowa kai tsaye daga Ingilishi, a matsayin *ponchi*, sunan haɗin ƴaƴan itace da ruwan zaƙi. Da *ponsu* ta tsaya a ma'anarta ta farko, da wannan sabuwar ta maye gurbinta. Ta tsira ne saboda ta riga ta bar teburin shaye-shaye ta shiga madafa, inda babu mai yi mata kallon baƙuwa.

A ƙa'idar masu girki, *ponzu* shi ne ruwan lemun zalla, mai launin ɗorawa-ɗorawa, wanda akan ƙara wa khal domin ya daɗe bai lalace ba. Idan an sa masa *shoyu* sai a ce *ponzu shoyu*. Amma bakin jama'a ya gajarta, yau idan aka ce *ponzu* baƙin ake nufi. Har tsakiyar ƙarni na 20 an fi saninsa a gidajen abinci na yammacin ƙasar, inda ake cinsa da dafaffiyar kaza irin ta Hakata da kuma kifin *fugu* mai dafi, wanda sai mai lasisi ke gyara shi. Kamfanin Mizkan, wanda ya fara sana'ar khal a garin Handa tun 1804, shi ya shigar da shi gidaje, da ya fito da wani na kwalba a 1964, shekarar da Tokyo ta karɓi wasannin Olamfik. Sunan da aka san wannan kaya da shi, Ajipon, ya kammala aikin da kunnen jama'a ya fara: *aji* ɗanɗano ne, *pon* kuwa ita ce gutsuren nan da ba shi da ma'ana a Holanci ko a Japananci, ga shi an cire shi an yi sabuwar kalma da shi. Daga baya aka sami *yuzupon* da ire-irensa. Har akwai ƙauyen Umaji a tsaunukan Kochi, mai mutane ƙasa da dubu, wanda sunansa ya zagaye ƙasar saboda *ponzu* na *yuzu* da ƙungiyar manomansa ke yi. Barasar asali ta tafi, ko da yake wasu masu haɗawa suna ɗiga *mirin*, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake girki da ita, don haka mai kiyaye abin da yake ci yakan duba jikin kwalba.

Gadar Dejima ba shiga kaɗai ake yi ta kanta ba. Cikin kayan da jiragen kamfanin ke fita da su akwai tagulla da tangaran da kafur, akwai kuma *shoyu*, wanda daga baya aka riƙa ɗurawa a fararen kwalaben tangaran da rubutun Holanci a jikinsu. Mutanen Holan suka kira shi *soja*, da furucin /y/, Ingilishi suka karɓa suka ce *soy* da *soya*, Faransawa suka riƙe rubutun *soja*. A Turai sunan ya tashi daga kan ruwan ɗanɗanon ya koma kan waken da ake yinsa da shi, waken da Japanawa su kansu ke kira *daizu*. Da wannan wake ya iso ƙasar Hausa da sunan *soya*, sai ya tarar da aikatau mai wannan sauti yana jiransa, kuma tun da awarar da ake yi da shi a mai ake soya ta, bakin jama'a bai sha wahala ba wajen mayar da shi waken suya. Mai tuyar awara a Maraɗi ko Zariya tana furta kalmar Japananci da ta fito ta gadar da *pons* ta shiga, kuma an yi mata irin gyaran da aka yi wa waccan.

A ƙasar Holan kuwa *pons* ta wannan ma'ana ta tsufa ta faɗi. Mai jin Holanci a yau idan ya ji kalmar, ƙarfen huda takarda ko fata zai kawo a ransa, abin shan kuma da sunan Ingilishi yake kiransa. Sai a harshen Afirkans na Afirka ta Kudu, wanda ya tsiro daga Holancin ma'aikatan wannan kamfani a zangonsu na Cape, ake jin tsohuwar kalmar da ma'anarta ta da. Dejima ma ta daina zama tsibiri, domin cike-ciken teku sun haɗe ta da birnin Nagasaki tun farkon ƙarni na 20. An sake gina wasu daga gidajenta domin masu ziyara, a 2017 kuma aka ɗora sabuwar gada a inda tsohuwar take. A kantunan Amsterdam da Rotterdam ana sayar da *ponzu* a sashen kayan abincin Asiya, da sunansa na Japananci a jikin kwalba.